Ba a Korar Ma'aikaci Sai da Dalili: Jawabi ga Ma'aikatan Kawar

Ga cikakken jawabin da aka gabatar a Segedin, cikin gundumar Bilma, gaban direbobi da 'yan aparanti da masu gadi da mahaƙa zinariya, game da dalilan da dokar Nijar ta yarda da su wajen raba ma'aikaci da aikinsa.



Tambayar da ta tara jama'a yau gajera ce: yaushe ne ubangida ke da ikon ce wa ma'aikacinsa ya tattara nasa ya nasa ya san inda dare ya yi masa? Amsar da aka saba ji a tasha da bakin rijiya ita ce, duk ran da ya ga dama, tunda dukiyarsa ce. Dokar Jamhuriyar Nijar ba haka ta ce ba. Ta ce dukiyar tasa ce, amma kora ba ta halatta sai da dalili, dalilin kuma sai ya shiga ɗaya daga cikin ƙofofi uku da ta buɗe, sannan sai an bi hanyar da ta shata.

Wannan magana ta fi nauyi a Segedin bisa ga yadda take a Yamai. Wanda aka kora a Yamai yakan taka da ƙafa ya koma gida, ya kwana cikin danginsa. Wanda aka sauke daga mota a nan, tsakaninsa da Dirku akwai tafiyar fiye da kilomita 100, tsakaninsa da Agadas kuwa sai ya keta Tenere, fiye da kilomita 600. Ba shi da dangi a kusa, ba shi da guzuri, gorar ruwan da yake sha ma ta ubangidan ce. A irin wannan wuri kora tana iya zama maganar rai da mutuwa, don haka sanin dokarta ya zama wajibi ga kowa, mai ɗauka da wanda aka ɗauka.

WANE NE MA'AIKACI?

Da yawa daga cikin masu saurare za su ce dokar aiki ta 'yan biro ce, masu albashi a banki, ba ta san da zaman ɗan aparanti ba. Kundin dokokin aiki, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ya rushe wannan zato tun daga ayoyinsa na farko. A wurinsa ma'aikaci shi ne duk mutumin da ya sa ƙarfinsa ko saninsa ƙarƙashin umurni da ikon wani, don a biya shi lada, mace ce ko namiji, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Abubuwa uku ake dubawa: akwai aiki, akwai lada, akwai mai ba da umurni. Idan sun haɗu, kwantaragi ya ƙullu, ko da ba a taɓa ɗora alƙalami bisa takarda ba.

Ke nan direban da ke ja wa wani mota tsakanin Agadas da Dirku ma'aikaci ne. Mai gadin da ke kwana bakin ma'ajiyar mai, da matar da ke dafa wa ma'aikatan wani kamfani abinci, da yaron kanti, duk doka ta san da su. Har mahaƙin da ubangida ya kawo daga Maraɗi ko Damagaram, ya ba shi abinci da kayan aiki, ya nuna masa ramin da zai shiga da lokacin da zai fita, yana da hujjar da zai tsaya gaban alƙali ya ce ƙarƙashin umurni yake, ko da ladansa kaso ne daga abin da aka haƙo. Alƙali yana duba yadda zaman yake a zahiri, sunan da ubangida ya raɗa masa bai ɗaure shi ba.

Waɗanda wannan kundi bai shafa ba su ne ma'aikatan gwamnati na dindindin, domin su suna da tasu dokar dabam, da nata matakan ladabtarwa.

DAGA INA DOKAR TA FITO?

Ba kyauta aka ba ma'aikata wannan kariya ba. Kakannin mutanen wannan ƙasa sun san zamanin aikin tilas, lokacin da Nasara ke ɗebe ƙarti daga ƙauyuka don gina hanya da bariki ba tare da ko anini ba, har sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda aka sani da sunan Houphouët-Boigny, ta haramta shi. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka suka ajiye aiki gaba ɗaya, kuma ranar 15 ga Disamba na wannan shekara aka sa hannu kan kundin dokokin aiki na ƙasashen renon Faransa. A cikin gwagwarmayar sandika ta wancan zamani ne irin su Jibo Bakari suka yi suna.

Bayan samun mulkin kai Nijar ta yi nata kundin a 1962, ta sake shi a 1996, sannan ta sake shi a 2012. A tsakani, cikin 1985, ƙasar ta amince da yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a birnin Janiba cikin 1982 musamman kan batun kora. Ƙasashen da suka amince da ita ba su kai 40 ba a duk duniya. A Amurka, alal misali, ƙa'idar da galibin jihohi ke bi ita ce ubangida na iya sallamar ma'aikaci ba tare da ya faɗi dalili ba, muddin bai taka wata doka ta musamman ba, kamar ta hana wariya. A bisa takarda, ke nan, ɗan aparantin Segedin ya fi ma'aikacin Amurka kariya daga kora. Abin da ya rage shi ne takardar ta iso Segedin.

ƘOFOFI UKU

Aya ta 78 ta kundin 2012 ita ce ginshiƙin maganar. Ta tanadi cewa kwantaragin da ba a yanka masa wa'adi ba, ma'aikaci na iya barinsa don ra'ayin kansa, amma ubangida ba ya iya yanke shi sai da halattaccen dalili, mai nasaba da iyawar ma'aikaci, ko da halinsa, ko da larurar da ta tilasta wa ma'aikatar kanta.

Ƙofa ta farko ita ce iyawa. Idan an ɗauki mutum tuƙi ya bayyana bai iya bin hanyar sahara ba, ko an ɗauke shi riƙon lissafin kanti kullum lissafin na ɓacewa, ko ganinsa ya raunana har likita ya tabbatar ba zai ƙara iya tuƙi ba, ubangida na da dalili. Sai dai rashin iyawa abu ne da ake nunawa da hujja. Wanda ya shekara biyar yana kai mota Madama ya dawo lafiya, da wuya a wayi gari a ce bai iya tuƙi ba. Kuma wanda aka hana kayan aiki, aka ba shi mota marar taya mai kyau, ba a ɗora masa laifin makara a hanya. Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya, kuma alƙali na auna duka biyun.

Ƙofa ta biyu ita ce hali. A nan ne ake samun fashin aiki ba da izini ba, da yawan makara, da ƙin bin umurnin da ya dace da aikin, da sakaci da dukiyar ma'aikata, da rashin ladabi. Amma laifi hawa-hawa ne, horo ma hawa-hawa ne. Akwai gargaɗi, akwai dakatarwa ta 'yan kwanaki, sannan kora. Makarar safiya ɗaya ba ta kai a raba magidanci da abincin iyalinsa ba. Umurnin da ake hukunta mutum don ya ƙi shi kuwa, sai ya kasance halattacce: direban da ya ƙi ɗaukar kayan da doka ta haramta, ko ya ƙi shiga Tenere ba ruwa ba tayar canji, bai yi laifin da za a kore shi ba.

A ƙarshen wannan ƙofa akwai abin da doka ke kira babban laifi, irin wanda zama tare ba ya yiwuwa bayansa ko na yini guda: sata, cin amana, dukan abokin aiki ko ubangida, lalata kayan aiki da gangan, tuƙi cikin maye da rayukan mutane a bayan mota. Wanda ya aikata irin wannan ana sallamarsa nan take, ba wa'adi, ba kuɗin sallama. Saboda saukinsa ga aljihu ne iyayen gida da yawa ke gaggawar kiran kowane kuskure babban laifi. To, doka ba ta bar wa ubangida kalmar ƙarshe ba. Shi yana faɗa, alƙali ke auna girman laifin, kuma in ya ga bai kai ba, duk abin da aka hana ma'aikaci sai an biya shi. Ko wanda babban laifinsa ya tabbata, albashin kwanakin da ya riga ya yi aiki da kuɗin hutun da ya tara nasa ne, ba a riƙe su.

Ƙofa ta uku ba ta da alaƙa da laifin kowa. Ita ce larurar tattalin arziki: ciniki ya faɗi, ko an sake tsarin aiki, ko ma'aikatar za ta rufe. Jahar Agadas ta ga babban misalinta ranar 31 ga Maris 2021, sa'ad da kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙar uraniyom ta Akouta bayan fiye da shekara 40 tana aiki, saboda ƙarewar ma'adinin, kimanin ma'aikata 600 na kamfanin suka rasa aikinsu, ban da na ƙananan kamfanonin da ke yi masa aikin kwangila. Don kada wannan ƙofa ta zama mafakar mai son kawar da wanda ba ya so, doka ta gindaya mata sharuɗɗa. Sai ubangida ya zauna da wakilan ma'aikata, da sanin insipektan aiki, ya bayyana dalilansa, da jerin waɗanda abin zai shafa, da ma'aunin da ya bi wajen zaɓen su. Wanda aka sallama ta wannan hanya yana da haƙƙin a fara tuna shi idan ma'aikatar ta sake ɗaukar masu irin aikinsa cikin shekara biyu. Ubangidan da ya ce ciniki ya mutu, ya kori mai gadi yau, gobe ya sa ɗan ƙanensa a gurbin, ya tona asirin kansa.

DALILAN DA BA DALILAI BA

Bayan buɗe ƙofofi uku, doka ta jera abubuwan da ba za su taɓa zama hujjar kora ba. Ba a korar mutum don ƙabilarsa, ko launinsa, ko addininsa, ko asalinsa, ko don mace ce, ko don jam'iyyar da yake so. Wannan batu na da muhimmanci a Kawar, inda Barebari da Tubawa da Buzaye da Larabawa da Hausawa da Zabarmawa ke cin abinci a hanya ɗaya, tare da baƙi daga Cadi da Sudan da Najeriya. Kundin 2012 ya ambaci naƙasa, da cutar sida, da ciwon amosanin jini cikin abubuwan da ba a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda su.

Ba a korar mutum don ya shiga sandika, ko don ya nemi zama wakilin ma'aikata, ko don ya kai ƙarar ubangidansa wurin hukuma. Ba a korar mace don ta yi aure ko ta ɗauki ciki, kuma tana da hutun haihuwa na mako 14 wanda ba a taɓa aikinta a cikinsa. Wanda ciwo ya kwantar, likita ya shaida, aikinsa na jiransa har tsawon wata shida. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, rami ya rufta masa ko mota ta kife da shi, kwantaraginsa an jingine shi ne har ya warke. Yajin aikin da aka yi bisa ƙa'ida shi ma ba ya yanke kwantaragi. Haka nan idan an sayar da ma'aikata, sabon mai ita ya gaji ma'aikatanta da shekarun da suka yi.

Wakilan ma'aikata kuma, waɗanda ake kira delege, suna da kariya ta musamman: ubangida ba ya korar delege sai insipektan aiki ya ba da izini. Hikimar a bayyane take. In da ana iya korar mai magana da yawun jama'a duk ran da ya buɗa baki, da ba wanda zai ƙara buɗa nasa.

HANYAR DA AKE BI

Samun dalili bai wadatar ba. Kafin ubangida ya yanke hukunci kan iyawa ko halin ma'aikaci, wajibi ne ya gaya masa abin da ake zarginsa da shi, ya ba shi damar kare kansa. Bayan haka kora takan zo a rubuce, da dalilinta a ciki. Amfanin rubutun shi ne ya ɗaure ubangida ga maganarsa, kada yau ya ce makara, gobe gaban alƙali ya ce sata.

Sai wa'adi. Babbar yarjejeniyar iyayen gida da ƙungiyoyin ƙwadago ta 15 ga Disamba 1972 ta aza, a zamaninta, kwana 8 ga wanda ake biya bisa awa ko yini, wata 1 ga mai albashin wata, wata 3 ga manyan ma'aikata. Ubangidan da ke son mutum ya tafi nan take, ba tare da babban laifi ba, sai ya biya shi kuɗin wa'adin. Sai kuma kuɗin sallama ga wanda ya cika shekara guda. Ma'aunin yarjejeniyar 1972, wanda aka yi shekaru da dama ana lissafi da shi, ya kasance kashi 20 cikin 100 na albashin wata ga kowace shekara cikin biyar na farko, kashi 30 daga ta shida zuwa ta goma, kashi 35 ga abin da ya haura goma. Bisa wannan ma'auni, mai gadin da ke karɓar jika 60 a wata, aka sallame shi bayan shekara 8, yana da jika 60 na shekaru biyar na farko, da jika 54 na ukun da suka biyo, da jika 60 na wa'adi idan ba a ba shi wa'adin ba. Jimla jika 174, ban da kuɗin hutu. Mutum nawa ne a Kawar suka tafi da jika 5 na mota da "Allah ya kiyaye hanya", alhali suna bin irin wannan bashi?

Lissafin ba ya sauka ƙasa da albashi mafi ƙaranci da hukuma ta tsaida, wanda ya kasance jika 30 da tamma 47 tun 2012, aka ɗaga shi zuwa jika 42 daga Janairu 2024. Ma'aikaci na da haƙƙin karɓar takardar shaidar aiki, mai nuna ranar da ya fara da ranar da ya bari da irin aikin da ya yi. Akwai kuma haƙƙin da ya fi kowane amfani a wannan yanki: wanda ubangida ya ɗauko daga garinsu ya kawo shi wurin aiki mai nisa, doka ta aza wa ubangidan ɗawainiyar mayar da shi idan aiki ya ƙare. Sauke mutum a Segedin ko Shirfa a ce ya nemi hanyarsa ya saɓa wa doka, ya saɓa wa mutunci.

Kwantaragi mai wa'adi, irin na wata shida ko shekara guda da kamfanonin gini da ƙungiyoyin agaji ke yi, yana da nasa hukunci. Yana ƙarewa da kansa ran da wa'adin ya cika. Kafin ranar ba a yanke shi sai da babban laifi, ko yardar ɓangarorin biyu, ko wata ƙaddarar da ta fi ƙarfin kowa. Lokacin gwaji kaɗai ne kowane ɓangare ke iya janyewa ba wa'adi ba diyya, shi ma yana da iyaka, ba a shekara uku ana ce wa mutum har yanzu gwada shi ake yi.

Idan an saɓa wa waɗannan ƙa'idodi, ma'aikaci na kai kukansa wurin insipektan aiki, wanda zai kira ɓangarorin biyu ya nemi sulhu. In sulhu ya faskara sai kotun ma'aikata, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara, kuma in ta ga an yi kora ba bisa ƙa'ida ba takan yanka wa ubangida diyya. Yarjejeniya ta 158 ta ƙara da cewa kada a bar wa ma'aikaci shi kaɗai nauyin tabbatar da cewa an zalunce shi.

INDA DOKA TA TSAYA

Wannan ita ce dokar, kuma ba abin kunya ba ce a gaban kowace ƙasa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Korar da ta fi girma da wannan yanki ya gani cikin shekarun nan ba wani ubangida ya yi ta ba. A 2014 aka gano zinariya a Jado, dubban mutane suka kwararo, Segedin da Dirku suka cika da motoci da masu sayar da ruwa da mai da abinci. A 2017 gwamnati ta rufe wurin, jama'a suka watse. A 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, aka tsananta aiki da ita daga 2016, aka kama direbobi aka tsare motoci, sana'ar jigila zuwa Libiya da ta ciyar da gidaje masu yawa daga Agadas har Kawar ta durƙushe, kafin a soke dokar a Nuwamba 2023. Kowa na da ra'ayinsa kan dacewar waɗannan matakai. Abin lura a nan shi ne, ma'aikacin COMINAK da sunansa ke cikin rajista an zauna an tattauna abin da zai tafi da shi, mahaƙin Jado da yaron mota kuwa ba su da rajista, ba su da delege, ba su da lamba a asusun CNSS. Larura iri ɗaya ta same su, ɗaya doka ta gan shi, ɗayan ba ta gan shi ba.

Matsala ta biyu nisa ce. Ofishin insipektan aiki na jaha yana Agadas. Wanda ke bin ubangidansa jika 100, idan zai kashe abin da ya kusa haka wajen zuwa da dawowa da zaman jiran ranar sulhu, zai gwammace ya bar wa Allah. Iyayen gida sun san wannan lissafi, kuma da shi marasa tsoron Allah cikinsu ke aiki. Haƙƙin da kuɗin nemansa ya fi shi yawa, sunansa kawai haƙƙi.

Ta uku kuwa harshe ne. An rubuta kundin da Faransanci, alhali galibin waɗanda aka yi shi dominsu ba su shiga lakwal ba, ko ba su yi nisa a cikinta ba. Tun Taron Ƙasa na 1991, wanda ƙungiyar ƙwadago ta USTN da 'yan makaranta suka yi ruwa suka yi tsaki wajen kawo shi, ake maganar ba harsunan ƙasa matsayinsu. Dokar da ta shafi tuwon kowa ita ta fi cancanta a ji ta da Hausa da Barbarci da Tubanci da Buzanci a gidajen rediyon karkara.

ABIN YI

Akwai abin da ke hannun ma'aikaci tun yau, ba sai ya jira Yamai ba. Ranar da za a ɗauke shi, a yi maganar lada da irin aikin da ranar farawa gaban shaidu biyu, in da hali a rubuta, ko da ajami, ko a ɗauki muryar a wayar salula. Ya riƙa ajiye duk wata shaidar biya, ko takarda ce ko saƙon waya. Ran da aka ce ya tafi, ya tambayi dalili cikin ladabi gaban mutane, ya nemi a rubuta masa. Kada ya dangwala yatsa kan takardar da ba a karanta masa ba, domin sau da yawa takardar ajiye aiki ce ake miƙa wa wanda ake son kora, wanda kuwa ya ajiye aiki da kansa ya yafe kuɗin sallama. Kada kuma fushi ya sa ya ɗaga hannu ko ya riƙe kayan ubangida a madadin bashinsa, don yin haka miƙa wa ubangidan babban laifin da yake nema ne. Sannan a haɗa kai, tunda tsinke ɗaya ba ya shara: ƙarar mutum goma da wakili ɗaya ya kai Agadas ta fi araha, ta kuma fi nauyi, bisa ga ƙarar mutum ɗaya.

Iyayen gida su ma dokar ba maƙiyiyarsu ba ce. Mai mota da ya ba wa wani amanar dukiyar miliyoyi ya tura shi sahara yana da haƙƙin rabuwa da maci amana, kuma doka ta ba shi hanya. Abin da ta nema gare shi kaɗan ne: ya faɗi dalili, ya saurari amsa, ya rubuta, ya biya abin da ake binsa, ya mayar da mutum inda ya ɗauko shi. Wanda ya yi haka ba alƙalin da zai kama shi, kuma ba zai rasa masu son yi masa aiki ba.

Ga mahukunta kuwa, buƙatar ba ta fi ƙarfin baitulmali ba. Ayarin motoci na tasowa daga Agadas zuwa Dirku da rakiyar soja. Kujera ɗaya cikin ayarin ta ishi insipektan aiki ya riƙa zagayo Bilma da Dirku da Segedin da Shirfa lokaci zuwa lokaci, ranakun zuwansa sanannu ga kowa, ya saurari ƙorafi ya yi sulhu a nan take. Ƙasar da ta iya kawo jandarma da ɗan duwan har iyakar Libiya don karɓar haƙƙinta, tana iya kawo ma'aikaci ɗaya don karɓar wa talaka nasa. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago su ma, da ƙarfinsu ya taru a biro-biro na Yamai da ma'adinan Arlit, lokaci ya yi da za su tuna cewa mafi yawan masu aiki a ƙasar nan ba su da katin kowa.

Mutanen Kawar sun daɗe da sanin cewa ayari ba ya barin mutum a bayan tudu don an yi saɓani da shi. Ana kai shi rijiya ta gaba, a yi shari'ar a can gaban dattawa. Abin da kundin 2012 ya rubuta da Faransanci bai yi nisa da wannan tsohuwar ƙa'ida ta madugai ba. Saura a riƙe ta a tasha da kanti da bakin rami, kamar yadda aka riƙe ta a hanyar gishiri.

Allah ya ba kowa halalinsa, ya kai matafiya gida lafiya.